Baƙon da Gaji Ya Ba Gulbi

Bulala ta uku ce ta fasa wa baƙon fatar kai. Jini ya sauko masa a goshi, ya rufe masa ido ɗaya, ya bi gemu yana ɗiga a kan burodin da ya zube a ƙasa. Mutanen kasuwa suka yi wani irin gurnani na jin daɗi. Ni kuwa ina tsaye a bakin rumfata ta gyaran inji da sifana a hannu, taku goma tsakanina da su.

"Ku ja baya," in ji Gaji, yana naɗe dorinarsa a hannu. "Wanda duk yas sa mashi hannu, kusa da shi zan kwantar da shi."

Suka ja baya. Shekara ashirin mutanen Tungar Baushe suna ja wa Gaji baya.

Ba zan yi masa ado ba don ya mutu. Gaji mugu ne. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ta bayan wannan katangar na sha jin kukan matarsa Atika har na daina ƙirgawa. Babu wanda ya naɗa shi komai a kasuwarmu, amma idan aka kama ɓarawo, wurinsa ake kai shi. Mu ne muke kai masa. Mu sha kallo, mu koma gida mu ce Gaji ba ya tsoron Allah. Ƙanena Ma'azu yana da shekara goma sha tara aka ce ya saci akuya, Gaji ya ɗora hannunsa na hagu a kan turmi ya sauke masa kulki. Bayan kwana biyu akuyar ta dawo gida da kanta, da cikinta. Hannun Ma'azu bai dawo ba. Har yau a lanƙwashe yake kamar lauje. Tun daga ranar ban sake yi wa Gaji sallama ba, kuma ni mutum ne mai yi wa kowa wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci.

Abu ɗaya yake tinƙaho da shi: bai taɓa kashe mutum ba. Yana faɗa a majalisa kamar yadda wani ke faɗin ya je Makka. Duka a wurinsa sana'a ce mai ƙa'ida. Ya fasa fatar kai, domin kai yana zubar da jini mai yawa ba tare da ya kashe ba, jama'a su ga ja su huce. Sannan cinya, sannan baya. Ba ya taɓa wuya, ba ya taɓa ciki. In ya gama sai ya ja mutum ya kai wa mai gari.

Baƙon nan na san shi, a nan laifina yake. Sunansa Haliru, manomi ne daga wani ƙauye a ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Benin. Da safiyar wannan Laraba ya kawo mini kafireton injin ban ruwa in gyara masa. Muka yi hira rabi da Hausa rabi da yarensu na Dandanci. Ya ce matarsa ta haihu, namiji, bayan mata uku, gobe Alhamis suna. Ya ce zai sayi burodi arba'in, don a garinsu da shayi da burodi ake karɓar baƙin suna, kuma burodin wannan ɓangaren ya fi araha. Yana faɗa yana dariya, haƙoransa biyu na gaba da wushirya.

Sati biyu kafin nan 'yan bindiga sun faɗa wa wata tunga kusa da mu, suka kore shanu, suka kashe mutum biyu. Tun daga ranar kowa ya zama mai gadi. Aka ce akwai masu kai musu labari, masu kai musu abinci cikin daji. To ga baƙo da buhun burodi, ga waya biyu a aljihu. Kowa a wurin yana da waya biyu ko layi biyu, ɗaya na nan ɗaya na ƙetare, har masu ihun. Amma wani ya ce "infoma," kalmar ta kama kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Na buɗe baki. Na ce, "Suna garai gobe." Na faɗa sau ɗaya, da muryar da ko mai tsiren da ke gefena bai ji ba. Sannan na rufe bakina. Ni da nake tsayawa bayan sallar asuba in gyara wa mutane karatu.

Gaji ya sauke bulala ta huɗu da ta biyar a bayan Haliru, rigar ta tsage. Haliru ya ɗaga hannu ya kare fuska, kulki ya same shi a yatsu. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya faɗi yana kiran sunan uwarsa da Dandanci.

"Ya isa," in ji Gaji. "Wurin mai gari za shi."

"Ba ya zuwa ko'ina, Baba Gaji."

Zulkiflu ne. Saurayi mai shekara ashirin da biyar, ɗaya daga cikin mutum biyun da aka kashe ubansa ne, kuma shi ya tsinci gawar a bakin garke. Yana riƙe da jarkar fetur. Bayansa samari shida ko bakwai, ɗaya yana gara tsohuwar tayar babur.

Gaji ya dubi jarkar, ya dubi tayar.

"Mi za ka dafa, ɗan nan?"

"Ka gama naka. Bar muna shi."

"A hannuna yake."

"Ubana ba bulala anka yi mai ba."

"Na sani. Ni na ɗauki makararsa ta gaba, kai kana kuka kamar mace." Gaji ya taka wuyan rigar Haliru da ƙafa ɗaya. "Abin da yash shiga hannuna ba a ƙona shi. In kana son wuta, tahi daji, suna can, sun san hanyar gidanku."

Zulkiflu ya buɗe jarkar ya watsa. Fetur ya jiƙa Haliru, ya jiƙa wandon Gaji har gwiwa. Warin ya cika wurin. Wani yaro cikinsu ya fito da ashana.

Ban taɓa ganin mutum mai shekara hamsin da biyar ya motsa haka ba. Dorinar ta naɗe wuyan hannun mai ashanar, Gaji ya fizgo shi ya tarbe shi da goshi, hancin ya fashe. Na biyu ya samu kulki a muƙamuƙi, haƙora suka zubo tare da miyau. Daga nan suka rufar wa Gaji gaba ɗaya. Aka kifar da teburin mai manja, aka tattake tumatir da albasa, mata suka kwashi 'ya'yansu. Na ga ƙotar gatari ta sauka a haƙarƙarinsa na dama, sau biyu, da ƙarfin da ake faskare ice. Na ga adda ta wuce ta gefen cikinsa. Bai faɗi ba. Ya kama Zulkiflu ta wuya da ƙugu ya maka shi a kan buhunan gishiri. Sauran suka tsaya suna haki, kowa yana jiran wani ya fara.

Gaji ya tofar da jini. Ya sunkuya ya kama ƙafar Haliru.

"Kuna son shi mutu?" ya ce, yana dubanmu duka, har ni. "To. Amma ba bisa ƙasar kasuwata ba, kuma ba da hannun yara ba."

Ya ja shi a ƙasa kamar buhu har mashaya, kan mutumin yana bugun duwatsu. Kasuwarmu a bakin wani reshe na gulbin Kwara take. Ya jefa shi cikin wani kwale-kwale, ya ɗauki gora ya tura. Mutane suka bi gaɓa suna jifa, har ciyawar burgu mai tsawo ta rufe su.

Bayan la'asar ya dawo shi kaɗai, a jiƙe har wuya, hannu ɗaya dafe da ciki. Jama'a na nan a mashaya.

"Ina shi?" in ji Zulkiflu.

"Na ba gulbi shi."

Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce a hankali, "Ashe Gaji ya kashe mutum." Gaji ya ji. Ya wuce ta gabansa bai dube shi ba.

Da magariba Atika ta leƙo ta saman katanga ta kira matata, ta ce a gaya wa Malam Isma'ila, wato ni, maigida yana nemansa. Na ce ba ni zuwa. Ta ce, "Yac ce in hwaɗa maka baƙonka na gaishe ka."

Na shiga gidan da ban taka ba shekara goma sha shida. Yana kwance a kan tabarma a zaure, mai kemis ya ɗinke masa yankan addar da zare baƙi. Gefensa na dama ya kumbura ya yi shuɗi. Kusa da shi akwai wani kwano da ya yi fitsari a ciki, ja wur.

"Rufe ƙofa, Malam mai wa'azi."

Na rufe.

"Baƙon naka shina cikin bukkar injinka a fadama. Na ɗaure mashi baki da rawaninsa don kar shi yi kuka. Tahi ka ba shi ruwa."

Na zauna a ƙasa ba tare da na yi niyya ba.

"Na gane shi rumfarka da safe, kuna dariya," ya ce. "Ka san shi."

"Na san shi."

"Infoma ne?"

"Suna garai gobe. Burodin na baƙi ne."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, ya riƙe haƙarƙari. "Ka san haka, kana tsaye da sifana kamar an dasa ka."

Sai na ce, "Kai ma da ka tambaya kafin ka karya mashi yatsu."

"In ban karya ba, su za su karya wuyansa. Ni ban san ko mai laifi ne ba, ban kuma damu ba. Ya shiga hannuna, shi ke nan." Ya rufe ido. "Ka ƙetare da shi. Ni ƙafata ta daina jin magana."

"A kai ka asibiti Bagudo."

"A tambaye ni gawa? In ce babu, yaran nan su bi fadama bukka bukka? Bar ni nan."

"Ana cewa ka kashe mutum."

"Su ce," in ji shi.

Da sassafe ranar Alhamis na tafi fadama kamar mai zuwa ban ruwa, da fura a gora da maganin ciwo. Na sami Haliru a bayan injin, kwance cikin laka, zazzaɓi yana kaɗa shi. Yatsunsa uku sun juya inda yatsu ba sa juyawa. Na kwance masa baki. Abin da ya fara tambaya shi ne ko rana ta fito sosai.

"Yanzu ana yanka rago," ya ce. "Wa zai raɗa mashi suna?"

Na ɗaure masa yatsun da karan dawa da tsumma. Bai yi ihu ba, ya ciji hannun rigata har ya huda.

Ban iya fitar da shi a ranar ba. Hanyar amalanke ɗaya ce daga fadama zuwa iyaka, kuma tana bi ta gindin wata tsamiya inda hanyoyi suka rabu. Zulkiflu da samarinsa sun kafa zama a wurin, suna tsayar da kowa, suna soka sanda cikin buhu. Zulkiflu ba wawa ba ne. Ya bi masunta yana tambaya ko sun ga wani abu ya taso. Da yamma ya zo ƙofar Gaji, fuskarsa a kumbure, ina jin su ta katanga.

"Gawa takan taso, Baba Gaji."

"Wadda anka ɗaura ma dutse ba ta tasowa."

"Ina kas samu dutse cikin burgu?"

"Wurin da uwarka tas samo ka."

Zulkiflu bai tanka zagin ba. Ya ce, "Gobe in mun taso Juma'a za mu bi fadama. Ni ba ni zuwa masallacin ma, gindin tsamiya zan zauna." Ya tafi.

Garinmu ba shi da masallacin Juma'a, sai an yi tafiyar rabin awa zuwa garin gaba. Daga sha biyu zuwa uku maza ba sa nan. Wannan ne kawai lokacin da muke da shi, ga shi Zulkiflu ya ce zai zauna a bakin hanya.

Amalanke da shanun da nake amfani da su na Ma'azu ne, kuma ba sa jin kowa sai shi. Dole na je na gaya masa komai. Ya saurara yana shafa lanƙwasasshen hannunsa da mai lafiyar, kamar yadda ya saba in yana tunani.

"Don Gaji za ni yi?" ya ce.

"Don baƙon."

"Yatsu nawa?"

"Uku."

"Ya samu sauƙi." Ya miƙe. "Sai na ga Gaji tukuna, Yaya."

Safiyar Juma'a muka shiga tare. Gaji ya rame cikin kwana biyu, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe. Cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Ma'azu ya tsaya a kansa, ya miƙa hannun gaban fuskarsa.

"Ka tuna wanga?"

"Na tuna. Turmin Hauwa'u mai koko ne."

"Akuyar ta dawo."

"Na ji."

"Ba ka da abin cewa?"

Na ɗauka zai nemi gafara. Mutum yana bakin kabari, ga wanda ya zalunta a gabansa, kalma ɗaya ce. Gaji ya dubi hannun da kyau, kamar maƙeri yana duba tsohon aikinsa.

"Na bar maka na dama," ya ce. "Suna cewa a yanke."

Ma'azu ya janye hannunsa. Sannan ya tofa miyau a ƙasa kusa da tabarmar, ya juya gare ni. "Sha biyu da rabi zan ɗaura shanu. Amma mi za mu yi da mai zaman tsamiya?"

"Wannan nawa ne," in ji Gaji. "Atika. Zo nan, ke."

Ta fito daga bayan labule. Ƙaramar mace ce, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, kuma kowa a unguwa ya san dalili.

"In rana ta take, tahi gindin tsamiya. Ki ce ma Zulkiflu ina mutuwa. Ki ce baƙon kafin in nutsar da shi ya hwaɗa min sunayen waɗanda sunka kashe ubanshi, kuma shi kaɗai zan gaya ma."

"Ƙarya za ni yi?" in ji Atika.

"Shekara talatin kina ce ma mutane ƙofa kika buge. Yau ɗaya ba ta kashe ki."

Ta dube shi. Ban san abin da ke cikin kallon ba, kuma ban tambaya ba.

Tun ina ɗan shekara goma sha biyar Juma'a ba ta taɓa wuce ni ba sai wannan. Muka shimfiɗa Haliru a cikin amalanke, muka jera injin biyu a gefensa, muka rufe da tamfol, muka zuba bambaron shinkafa a sama. Rana tana dukan ƙeya. Shanun suna tafiya a hankali kamar an roƙe su. Da muka hango tsamiya na miƙa wuya na duba. Babu kowa a gindinta, sai tabarma da buta da sandar da yake soka buhu da ita.

Abin da ya faru a gidan Gaji a wannan lokacin, Atika ce ta gaya mini daga baya, tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba.

Zulkiflu ya shigo da gudu. Gaji ya yi magana ƙasa ƙasa, yaron ya durƙusa ya kai kunne. Gaji ya kama wuyan hannunsa na dama da hannu ɗaya, ya saƙalo wuyansa da ɗayan, ya jawo shi kan ƙirjinsa. Zulkiflu ya gane nan take tarko ne. Ya fara dukansa da hannun da ya rage, a fuska, a ciki, a kan ɗinkin. Zaren ya tsinke. Ya sa gwiwa a haƙarƙarin da ya karye ya danna. Ya cije shi a kafaɗa. Suka birkice daga tabarma zuwa bakin ƙofa, suka fasa randa. Zulkiflu yana kiran mutane, amma babu namiji a unguwar, matan da suka leƙo suka ga jini suka koma. Atika ta ce ta ja ƙofar zauren ta sa sakata daga waje, ta zauna a dakali.

"Don mi kika rufe?" na tambaye ta.

"Shi yac ce in rufe."

Ta ce tun ana jin duka har aka daina, sai kukan Zulkiflu yana cewa, "Sake ni, Baba, don Allah sake ni." Gaji bai ce komai ba tun daga farko har ƙarshe.

Mu kuwa mun kai ƙoramar da ta raba ƙasashen biyu wajen ƙarfe biyu. A rani busasshiya ce, yashi ne kawai da wani tsohon ginshiƙin siminti. A ƙetare akwai masu cire albasa. Haliru ya kira ɗaya da suna, suka yar da kwanduna suka rugo. Da suka ɗaga shi ya ce su tsaya.

"Mutumin nan mai bulala," ya ce, "mi ne sunansa?"

"Gaji. Shi ya fid da kai. Ba don shi ba da an ƙone ka."

Ya ɗaga hannun da na ɗaure da kara. Ya nuna kansa, inda ƙuda suke bin tsagar. "Da wanne zan riƙe fartanya? Ya ja ni a ƙasa kamar mushe gaban mutane." "Ka gaya mashi ban yafe ba."

Ma'azu ya yi wata gajeriyar dariya, ya juya shanu.

Da muka iso gida masu Juma'a sun dawo, an cika ƙofar Gaji. An ɓalle sakata. Zulkiflu yana zaune a ƙasa a zauren, rigarsa ta rine, idonsa a buɗe ba ya kallon komai. Har yanzu hannunsa yana cikin hannun Gaji. Mutum biyu suna ta ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da suka cire, wurin ya yi zobe baƙi, kuma hannun yaron bai motsa ba sai bayan sati.

Gaji yana da sauran numfashi. Na durƙusa kusa da kansa. Fuskar ba ta ganuwa. Ido ɗaya ya buɗe, ya tsaya a kaina.

Zauren cike yake da samarin Zulkiflu. Ba zan iya faɗa masa a fili ba. Sai na ce, "Na kai injin. Mai shi ya karɓa."

Idon ya rufe. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne. Leɓɓansa sun motsa, amma ban ji abin da ya ce ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ba. Saƙon Haliru ban isar ba. Kafin la'asar ya cika.

Zulkiflu bai gaya wa kowa abin da ya gane ba, cewa baƙon yana raye. Ko kunya ce, ko gajiya, ban sani ba. Ya ce kawai tsohon ya haukace ya kama shi. Samarin sun bi fadama washegari ba su sami komai ba sai laka da tsumma. Bayan damina Zulkiflu ya bar garin. Ni ma na yi shiru, domin in an ji gaskiya a lokacin, gidana da na Ma'azu za a fara ƙonawa. Shekara huɗu ke nan, sai yau.

A ranar da Gaji ya cika, babu wanda ya so ya wanke shi. Waɗanda suka sa hannu a dukansa ba su iya shiga, sauran kuma suna cewa mai kisan kai ne. A ƙofar gida na ji tsohon nan mai igiya yana cewa, "Duk tinƙahon nan, ga inda ya ƙare." Na wuce shi na shiga.

Na haƙa rami a bayan ɗaki don ruwan wanka, na ɗora ƙyauren ƙofa a kai, Atika ta taimaka mini muka kwantar da shi, ta fita. Ina tsaye ina tunanin yadda mutum ɗaya zai zuba ruwa kuma ya cuɗa, sai na ji motsi a bayana. Ma'azu ne, ya naɗe hannun riga.

"Ba don shi ba," ya ce. "Kai ne ba ka iyawa kai ɗaya."

Muka fara. Jikin duk tabo ne, tsofaffi da sababbi. Da muka zo alwala na ɗaga hannun dama, yatsun a dunƙule suke, kamar har yanzu akwai abin da suke riƙe da shi. Na yi ƙoƙarin miƙe su, suka ƙi.

"Bar su," in ji Ma'azu.

Ya rataya butar a lanƙwasasshen hannunsa na hagu, ya tallabi dunƙulen da na dama, ya karkata ta. Ruwan ya bi tsakanin yatsun, ja da farko, sannan ya washe. Ya zuba sau uku. Ramin da na haƙa bai yi zurfi ba, ruwan ya cika shi ya malala, ya sami rariyar da ke gindin katanga, ya bi ta ciki a hankali zuwa tsakar gidana.